Littafin Aiki: Sama wa Tsoffin Manhajojin Taswirar Yanayi Ɗaki a Sabuwar Kwamfuta

Asabar, 6 ga Satumba, 2025

Na buɗe littafin nan ne saboda na san halina. Bayan wata biyu zan zauna ina tambayar wa ya taɓa saitin nan, alhali ni ne da hannuna.

Tsohuwar kwamfutar da nake zana taswirar yanayi da ita ta kama hanya. Faifanta ƙwas-ƙwas yake yi idan an kunna, kuma sai an yi mata sau biyu ko uku kafin ta tashi. Rabon da in yi aikin kirki da ita tun 2016, amma akwai abu biyu a cikinta da ba na so ta tafi da su. Na farko wata manhaja ce ta zamanin Windows XP, wadda ke karanta rahotannin tashoshin yanayi ta jera su a kan taswira, ta ja layukan matsin iska, tana kuma da tagar kallon hotunan rada. Kamfanin da ya yi ta ya daɗe da rufewa. Na biyu Vis5D ne, a ɓangaren Linux na faifan, wanda ke nuna hasashen yanayi da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa, kana juya gajimare da linzami kamar ƙwarya a hannu.

Wani zai ce ai manhajojin zamani sun cika intanet, wasu ma kyauta. Gaskiya ne, ni ma ina aiki da su. Sai dai taswirorin da na tara na shekara goma suna cikin wani tsarin fayil da ita kaɗai ke buɗewa, kuma har yau ban ga wadda ke jera alamar tasha a tsabtace kamarta ba: zafi a hagu ta sama, ma'aunin raɓa a hagu ta ƙasa, matsin iska a dama, kibiyar iska ta fito daga da'irar, ba wanda ya hau kan wani.

Na gwada girka ta kai tsaye a sabuwar laftof mai Windows 11. Ko zaure ba ta shiga ba. Mai girkawarta ɗan 16-bit ne, Windows mai 64-bit ba ya gudanar da irinsa, shi kuwa Windows 11 ba shi da nau'in 32-bit kwata-kwata. Na kwafo foldar da hannu, ta buɗe, sai ta nemi direban lasisinta, wanda shi ma na 32-bit ne. Nan ta tsaya.

Saura hanya ɗaya: kwamfuta a cikin kwamfuta, abin da ake kira VM. Manhaja irin su VirtualBox, VMware ko Hyper-V tana yankar wani ɓangare na RAM da faifai da furosesa ta yi wa tsohon tsari ɗaki, shi kuma ya zauna yana zaton gidan nasa ne shi kaɗai. Daga yau laftof ɗin ita ce mai masauki, na cikin kuma baƙo. Na zaɓi VirtualBox don da shi na fi sabawa.

Lahadi, 7 ga Satumba

Kafin komai na kwashe hoton tsohon faifan gaba ɗaya zuwa faifan waje. Ya yi ƙorafi a wurare uku amma ya gama.

Na so in yi wayo, in tayar da wannan hoton kai tsaye a matsayin baƙo. Shuɗin allo na samu, da lamba 0x0000007B, wato XP ya farka bai gane mashigar faifan da aka ba shi ba. XP bai zo da direban SATA ba, IDE ya sani. Na mayar da mashigar IDE, ya wuce nan ya maƙale a wani wurin, yana neman kayan tsohuwar kwamfutar da babu su. Ban ja da shi ba. Na ɗauko faifan XP na asali na girka sabo fil, RAM gigabait 1, furosesa ɗaya. Manhajar ta shiga ba gardama, ta karɓi lambar lasisinta, na buɗe wata taswira ta 2011, ga ta nan kamar jiya na rufe ta.

Na yi murna har na rubuta a gefen takarda cewa aiki ya kusa ƙarewa. Rubutun allon dai kamar tururuwa yake, don an zana manhajar ne a kan allo mai ɗigo 1024 da 768, na laftof ɗin kuma 2560 da 1600 ne. Na ninka girman tagar baƙon zuwa kashi 200, ya ɗan yi dishi-dishi amma ana karantawa.

Asabar, 13 ga Satumba

Akwai wani ɗan koren kunkuru a ƙasan tagar VirtualBox da ban kula da shi ba sai yau, da na ga jan layukan matsin iska yana ɗaukar lokaci fiye da yadda tsohuwar kwamfuta mai shekara kusan ashirin ke yi.

Ma'anarsa ita ce wani ya riga VirtualBox hawa kujerar. Furosesa tana da wata dabara ta musamman ta gudanar da baƙi, VT-x a na Intel, AMD-V a na AMD, kuma mai riƙe da ita ɗaya ne a lokaci guda. A Windows 11, tsaron nan na Memory Integrity a kan Hyper-V yake tsaye, haka ma WSL2, wato Linux ɗin da ke gudana a cikin Windows. Idan Hyper-V ya kama dabarar tun daga tashin kwamfuta, sai VirtualBox ya riƙa bi ta hannunsa, kowace buƙata sai ta yi zagaye. Kunkurun alamar zagayen ne.

Ana iya korarsa. A kashe Memory Integrity, a ba da umarnin bcdedit /set hypervisorlaunchtype off, a sake kunna kwamfuta. Na gwada don in gani da idona: taswirar da ke ɗaukar daƙiƙa tara ta koma huɗu. Na zauna na auna. A wannan laftof ɗin nake duk sauran harkokina, kuma rage mata tsaro saboda daƙiƙa biyar ba ciniki ba ne. Ga shi ina da niyyar amfani da WSL2 wajen sauke bayanai, shi kuma ba ya tashi sai da Hyper-V. Na mayar da komai yadda yake. Ni da kunkuru za mu zauna lafiya.

Lahadi, 14 ga Satumba

Tagar rada baƙa ƙirin. Taswirar tashoshi zanen shimfiɗe ce, furosesa kaɗai ta ishe ta, amma tagar rada da Direct3D 9 take aiki, tana son katin hoto. Tun fitowar VirtualBox 6.1 a ƙarshen 2019 aka cire tallafin 3D daga tsohon katin VBoxVGA, wanda da shi XP ke aiki. Sabon katin, VBoxSVGA, yana ba da 3D ne ga Windows 7 zuwa sama.

To, XP ya tashi daga aiki bayan mako ɗaya. Na girka Windows 7 mai 32-bit, wanda ya haɗa abu ukun da nake so: yana gudanar da mai girkawa na 16-bit, yana karɓar direban 32-bit, yana kuma samun 3D. Manhajar ta yi kukan rashin wani fayil na d3dx9, na saka mata kunshin DirectX na Yunin 2010, tagar ta haska. Na ɗauki hoton halin da baƙon ke ciki, don in sami wurin komawa idan na ɓata wani abu.

Lahadi, 21 ga Satumba

Yau na gane ba a nan gizo ke saƙar ba. Tayar da manhajar aikin yamma biyu ne. Amma duniyar da ta sani ta watse, kuma VM ba ya dawo da ita.

Na danna maɓallin sauke rahotanni, ta yi shiru na minti ɗaya ta ce ba ta sami kowa ba. Adireshin da ke cikinta weather.noaa.gov ne, wanda aka rufe tun 2016. Rahotannin suna nan a tgftp.nws.noaa.gov, fayil ɗaya ga kowace awa, daga 00Z.TXT zuwa 23Z.TXT. Na canja mata adireshi, ba ta iya gaisawa da sabar ba, don ba ta san HTTPS irin na yanzu ba. Da ma can bai kamata in bar baƙon ya leƙa intanet ba. An daina yi wa XP facin tsaro tun 8 ga Afrilu, 2014, Windows 7 kuma tun 14 ga Janairu, 2020.

Sai na raba aiki. Na cire wa baƙon katin sadarwa ɗungurungum. Mai masauki ce za ta fita ta samo bayanai ta hannun wani ɗan rubutun umarni a WSL2, ta gyara su, ta ajiye a folda ɗaya da baƙon ke gani amma ba ya iya rubutu a cikinta. Aikin tsohuwar manhaja zane kawai.

Abu biyu suka ci mini yammacin. Na farko, ta buɗe fayil mai rahotanni dubbai ta ce tasha ɗaya ta gani. Linux yana rufe kowane layi da alama ɗaya, LF, tsoffin manhajojin Windows kuma biyu suke jira, CR da LF, don haka duk fayil ɗin layi ɗaya ne a idonta. Umarnin unix2dos ya raba gardama. Na biyu ya fi wayo. Wani lokaci taswira ta fito cikakkiya, wani lokaci rabin duniya babu tashoshi. Ashe manhajar tana leƙa foldar duk minti biyar, idan ta tarar ana cikin rubuta fayil sai ta ɗauki abin da ya samu ta tafi. Yanzu rubutun umarnin yana saukewa da sunan wucin gadi, sai ya gama gyara tsaf sannan ya canja sunan zuwa wanda take jira. Tun daga nan ba ta sake kawo mini rabin duniya ba.

Da daddare na ga taswirar tashoshi ta yau, ta wannan awar, a cikin manhajar da rabonta da sabon rahoto shekara tara. Na daɗe ina kallonta.

Asabar, 4 ga Oktoba

Bayanan hasashe. Samfurin GFS na Amurka, wato lissafin kwamfuta mai hasashen yanayin duniya gaba ɗaya, yana fita sau huɗu a rana, ƙarfe 00, 06, 12 da 18 agogon duniya na UTC, yana hango har awa 384 gaba, kuma kowa na iya saukewa daga sabar NOMADS. A tsarin fayil na GRIB2 yake zuwa. Manhajata tsohon tsarin, GRIB1, kaɗai ta iya.

Juyawar ba wuya, cnvgrib -g21 yana yi. Girman ne abin lura. Raga mai laushi ta GFS, wato ɗigogin da aka shimfiɗa wa duniya ana lissafi a kansu, tazararta rubu'in digiri ce, ɗigo 1440 a kwance, 721 a tsaye, jimilla 1,038,240 ga kowane abu ɗaya a hawa ɗaya na sararin sama a lokaci ɗaya. Na ba ta wannan don in ga ƙarfinta. Ta yi nishi ta mutu, domin manhajar 32-bit a Windows yawanci ba ta wuce gigabait 2 na wurin aiki, ko nawa ka ba baƙon. Na koma raga mai digiri ɗaya, 360 da 181, ɗigo 65,160, kusan kashi ɗaya cikin goma sha shida na waccan. Don taswirar matsin iska da ta hawan hektofaskal 500, wato tsayin da matsin iska ke raguwa zuwa haka, wannan ya isa har ya yi yawa. Layukan ma sun fi fita sumul, ba su da 'yan karkace-karkacen da raga mai laushi ke jawowa a kan duwatsu. Shafin tace bayanai na NOMADS yana barin mutum ya zaɓi abin da yake so da hawan da yake so, don haka ba na sauke abin da ba zan kalla ba.

Wani abin dariya: duk hasashen da ya wuce kwana goma da rabi sai ta jera shi a farkon layi, kamar na yau ne. Na bi sawu na gano dalili. A GRIB1 gurbin awar hasashe bait ɗaya ne, bait ɗaya kuwa daga 0 zuwa 255 yake ƙirgawa. Akwai hanyar haɗa gurbi biyu don awannin da suka wuce haka, amma manhajata ba ta san ta ba. Na tsayar da saukewa a awa 240. Ban yi asarar komai ba, don ni da ma hasashen da ya wuce kwana goma kallon nishaɗi nake yi masa.

Lahadi, 5 ga Oktoba

Gwajin rada. Tsoffin bayanan NEXRAD, jerin radar yanayi na Amurka, a buɗe suke ga kowa, sai na ɗauko guda biyu da na san kamanninsu. Na farko na tashar KLIX da ke kusa da New Orleans, daren 28 zuwa safiyar 29 ga Agusta, 2005, lokacin da guguwar Katrina ke tunkarar gaɓa. Ya buɗe. Na jera hotunan suna tafiya, ga idon guguwar, ga zoben ruwan sama yana juyawa, ba tsalle ba yankewa. Don in sa manhajar ta ɗauke su a matsayin na yanzu ta riƙa jera su da kanta, na hana baƙon karɓar lokaci daga mai masauki, na mayar da agogonsa 2005.

Na biyu na tashar KTLX ne a Oklahoma, 20 ga Mayu, 2013, ranar guguwar da ta afka wa garin Moore. Ta ce fayil ɗin ya lalace. Lafiyarsa ƙalau. A 2008 aka ƙara wa radar ɗin kaifin gani, daga digiri ɗaya da kilomita ɗaya zuwa rabin digiri da mita 250 a ƙananan kusurwoyi, aka kuma canja yadda ake shirya saƙon a cikin fayil. Daga baya, zuwa 2013, aka ƙara musu aika siginar rada a kwance da a tsaye, wanda ya kawo sababbin ma'aunai da ba a san da su ba lokacin da aka rubuta manhajata.

Na yi tunanin rubuta abin da zai mayar da sabon tsari zuwa tsoho. Amma me zan samu? In zubar da kashi bakwai cikin takwas na kaifin hoton, in jefar da sababbin ma'aunai, don kawai in kalle shi a tagar da na saba da ita. Wannan son zuciya ne, ba aiki ba. Rada ta bayan 2008 ta koma hannun Weather and Climate Toolkit na NOAA, hukumar yanayi ta Amurka, wanda ke gudana a mai masauki ba tare da wani baƙo ba. Tsohuwar taga ta riƙe tsoffin guguwoyi.

Talata, 14 ga Oktoba

Ban taɓa aikin ba yau. Na rubuta ne kawai don yau Windows 10 ya bi sahun XP da 7, wa'adinsa ya cika, kuma shi ne na ƙarshe mai nau'in 32-bit. Masu tsoffin manhajoji irin tawa da suka laɓe a can, su ma hanyar nan za su biyo.

Asabar, 18 ga Oktoba

Awa biyu na ɓata yau, kuma ba ni da wanda zan ɗora wa.

Na tayar da baƙon daga inda na dakatar da shi mako biyu da suka wuce. Folda cike da sababbin rahotanni, taswira fes, ko tasha ɗaya babu. Na duba ƙarshen layuka, daidai. Na duba izinin folda, daidai. Na buɗe fayil ɗin a cikin baƙon da kaina, ga rahotanni nan reras. Har na fara zargin rubutun umarnina, na sake karanta shi layi-layi.

Sai na tsaya a kan rahoto ɗaya ina kallo. Rahoton tasha, wanda ake kira METAR, kamar haka yake: sunan tasha da haruffa huɗu, sannan 181150Z 24012KT 9999 SCT030 14/08 Q1012. Wato ranar 18, ƙarfe 11:50 agogon UTC, iska daga digiri 240 da gudun not 12, ana hangen kilomita goma ko fiye, gajimare jefi-jefi a ƙafa 3,000, zafi 14, raɓa 8, matsin iska 1012. Ranar 18 ga wane wata? Ta wace shekara? Rahoton ba ya faɗa. An tsara shi ne don matuƙin jirgin da ya san watan da yake ciki. Manhaja kuwa daga agogon kwamfuta take ciko wata da shekara.

Na ɗaga sandar ƙasan allo, wadda na ɓoye don taswira ta sami fili. Agogon baƙon yana 29 ga Agusta, 2005. Tun ranar gwajin Katrina yake can. Manhajar ta karanta ranar 18, ta ce 18 ga Agustan 2005 ke nan, kwana goma sha ɗaya da suka wuce, ni kuma na saita ta ta watsar da duk rahoton da ya haura minti casa'in. Ta yi abin da na ce ta yi.

Agogo a aikin yanayi ba ado ba ne, da shi ake ɗinke komai. Na raba baƙon gida biyu. Ɗaya na sa masa suna Yau: agogonsa na bin mai masauki, yankin lokacinsa UTC, ba na taɓa shi. Ɗayan Jiya: agogonsa a sake yake, in kai shi shekarar da na ga dama. Na yi wa Jiya jan bango don kada ido ya ruɗe. Wajen kwafar sai da na bar lambar faifai yadda take, don lasisin manhajar da ita ya gane gidansa.

Lahadi, 26 ga Oktoba

Vis5D. An fara shi ne a ƙarshen shekarun 1980 a cibiyar SSEC ta Jami'ar Wisconsin da ke Madison, a hannun Bill Hibbard da abokan aikinsa. Biyar ɗin da ke sunan: tsawo, faɗi, zurfi, lokaci, da jerin abubuwan da ake aunawa.

Na fara gwada harhaɗa shi daga tushe a WSL2, wato mayar da rubutun shirin manhaja mai aiki. Kurakurai suka zubo kamar ruwan sama, yawancinsu na suna ɗaya da aka bayyana a wuri biyu. Tsoffin masu harhaɗa C suna kau da kai daga wannan, amma daga mai harhaɗawa GCC 10 aka daina. Tutar -fcommon ta kashe waɗannan, wasu suka taso a bayansu. Na ga zan ƙare da gyaran manhajar da ba ni na rubuta ba, sai na yi mata abin da na yi wa ta farko: baƙo na uku, Linux na CentOS 7, mai GCC 4.8.5. Shi ma wa'adinsa ya cika tun 30 ga Yuni, 2024, don haka sai da na karkatar da yum, mai sauke masa manhajoji, zuwa vault.centos.org kafin ya sami kayan aiki. Da na gama saukewa na cire masa katin sadarwa shi ma.

Ya harhaɗu. Da farko ya ƙi buɗewa don babu tsoffin haruffan X11 da yake nema, na saka su. Da ya buɗe, da 3D a kunne, akwatin yana ƙyafta ido idan na juya shi, fatar gajimaren kuma wani lokaci ta ɓace. Ban tsaya neman mai laifi ba. Na kashe 3D na baƙon gaba ɗaya, na bar Mesa, manhajar zanen 3D ta Linux, ta yi zanen da furosesa. Umarnin glxinfo ya nuna llvmpipe, alamar furosesa ce ke zanen, akwatin ya tsaya cak, yana juyawa sumul. Abin da a da sai babbar kwamfutar Silicon Graphics, yau furosesar laftof tana yin sa ba tare da katin hoto ba, da kunkuru a kanta ma.

Abin da ya ba ni sha'awa: Brian Paul, wanda ya fara rubuta Mesa a 1993, yana cikin waɗanda suka yi aikin Vis5D a wannan cibiyar. Bayan shekara talatin da 'yan kai, ɗan'uwan ne ya zo ya ɗauke shi.

Lahadi, 2 ga Nuwamba

Vis5D ba ya cin GRIB, nasa tsarin v5d yake so. Na rubuta ɗan shiri: wgrib2, mai karanta GRIB2, ya zazzage lambobin, nawa ya jera su ya rubuta v5d. Hawa 19, abubuwa 5, lokuta 41 daga awa 0 zuwa 240 duk bayan awa shida. A raga mai digiri ɗaya lambobi miliyan 254 ke nan, kuma da yake v5d na iya matse kowace lamba a bait ɗaya, fayil ɗin bai kai megabait 300 ba. Da rubu'in digiri na ɗauka, da ya haura gigabait 4.

Fitowar farko ta yi kyau ƙwarai, har na kusa wucewa. Iska na gudu, launuka sun zauna. Sai na ƙara matsin iska na doron ƙasa don in gwada, na ga wani babban tabo na ƙarancin matsi, ƙasa da hektofaskal 600, zaune a tsakiyar tekun Indiya ta kudu, inda babu ko tsibirin kirki. Matsi irin wannan a doron ƙasa sai tudu mai tsayin mita dubu huɗu da wani abu. Na kalli siffar tabon, na gane shi. Tudun Tibet ne. Na duba sama, ga Antatika ta hau kan tekun ƙanƙara na ƙarshen arewa ta zauna.

Duniyar a kife take. Shi wgrib2, idan ba ka ce masa komai ba, daga kudu zuwa arewa yake fitar da layuka. Vis5D kuma layinsa na farko shi ne na arewa. Ba wanda ya yi kuskure a cikinsu, ni ne ban tambayi kowannensu ta ina yake farawa ba. Na ƙara -order we:ns, Tibet ta koma gida. Wajen yanko yanki kuma sai an tuna cewa Vis5D yana ba layukan yamma da Greenwich alamar tarawa, na gabas alamar debewa, akasin yadda aka saba yau.

Abin da ya tsorata ni shi ne, da zafin hawan 500 kawai na kalla, da zan iya yin mako ban lura ba, don sanyi a sama da ƙasa, zafi a tsakiya, ko a kife haka yake. Daga yau duk sabuwar hanyar juya bayanai, matsin doron ƙasa zan fara zanawa. Duwatsu ba sa ƙaura.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Inda aka kwana: baƙi uku, Yau da Jiya da na CentOS, ba mai hanyar fita waje a cikinsu. Rubutun umarni yana kawo METAR duk awa, GFS sau biyu a rana, na 00 da na 12. Na fitar da kowane baƙo dunƙule a fayil ɗaya na OVA na ajiye a faifai biyu daban, tare da faifan girka manhajar, kunshin DirectX, da kwafin VirtualBox ɗin da na yi aiki da shi. Na gwada dawo da ɗaya daga ajiyar a wata kwamfuta, ya tashi, sai dai Windows 7 ya nemi a sake tabbatar da lasisinsa.

Akwai iyakar da na hango. VM ba ya canja jinsin furosesa, aron ta mai masauki yake ba baƙo. Ranar da na koma kwamfuta mai furosesar ARM, irin na Apple tun daga M1 na 2020, waɗannan baƙin na x86 ba za su tashi haka ba, sai dai a kwaikwayi furosesar gaba ɗaya da irin su QEMU, a kuma yi haƙuri da tafiyar hawainiya. Shi ya sa na fara aikin da ya fi duk na baya gajiyarwa: buɗe tsoffin taswirorin a Jiya ɗaya bayan ɗaya, in fitar da kowace a hoton PNG, bayanan tashoshinta kuma a rubutu zalla. Manhajar ba ta da hanyar yin su a dunƙule. Na gama 2006 da 2007, na shiga Maris na 2008.

Tsohuwar kwamfutar na kunna ta jiya don in duba wani saitin launi da na manta. Sau huɗu na danna, ba ta tashi ba. Na ciro saitin daga hoton faifan da na ɗauka ranar 7 ga Satumba.